Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Wasiƙun Shugabannin Amurka da Takardun Ƙarin Girma na Lokacin Yaƙi

Laccar da aka gabatar a wajen taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai

 

Mai girma Shugaban wannan taro, ranka ya daɗe, Shugaban Makaranta, iyayenmu malamai na da da na yanzu, yayyenmu da ƙannenmu tsofaffin ɗalibai, 'yan ajinmu abokan wahala, ina yi muku barka da zuwa, da fatan kowa ya baro iyali lafiya.

Lokacin da takardar kwamitin shirya taro ta iso mini, cewa ni zan yi lacca a bana, sai da gabana ya faɗi, domin ba ƙaramin abu ba ne yaro ya tsaya yana bayani a gaban waɗanda suka koya masa riƙe alƙalami. Ni ma'aikacin gwamnati ne, abin da na sani shi ne fayil da rajista. Saboda haka a kan takarda zan yi magana, in kuma na yi kuskure, malaminmu na tarihi yana zaune a nan gaba, Allah ya gafarta malam, sai a gyara mini kamar yadda aka saba, amma don Allah ban da bulala.

Abin da ya jawo hankalina ga wannan batu shi ne, wata rana da yamma na tsaya sayen tsire, sai mai tsiren ya ƙunshe mini a cikin wata tsohuwar takarda wadda aka buga da tafireta. Da na isa gida na warware, sai na ga takardar ƙarin girma ce da aka rubuta wa wani akawu tun zamanin Jihar Arewa, ga lambar fayil, ga sa hannu, mai da yaji sun jiƙe ta. Na tambayi mai tsiren washegari, ya ce buhu guda ya saya, wai wata ma'aikata ce ta share ɗakin ajiyarta. A daidai wannan lokaci kuwa ina karanta labarin yadda ake cinikin irin waɗannan takardu a Amurka a kan miliyoyin daloli. Tun daga ranar nake tambayar kaina, me suka gani a tsohuwar takarda wanda mu ba mu gani ba?

Kasuwar tsofaffin takardu

A Amurka akwai mutanen da sha'awarsu ita ce tara wasiƙun shugabannin ƙasarsu, kamar yadda wasunmu suka tara kan sarki muna yara. Akwai manyan gidajen gwanjo irin su Sotheby's da Christie's da ke sayar da su. Dalilin da ya sa wasiƙun suke shiga kasuwa shi ne, wasiƙar da aka aika ta zama mallakar wanda aka aika wa, in ya mutu ta shiga cikin gado, magada su adana ko su sayar.

Bari in ba da misalai. A watan Disamba na 2009 an sayar da wata wasiƙa da George Washington, shugaban Amurka na farko, ya rubuta wa ɗan ɗan'uwansa a 1787 game da sabon tsarin mulkin ƙasar, a kan sama da dala miliyan 3. A watan Afrilu na 2008 kuma an sayar da wata gajeriyar wasiƙa ta Abraham Lincoln a kan dala miliyan 3.4. Amsa ce da ya bayar a 1864 ga wasu yara 'yan makaranta 195 da suka sa hannu a takardar roƙo, suna neman ya 'yanta dukan yaran da ke cikin bauta.

Wannan ciniki ba yau ya fara ba. A 1864, ana tsakiyar yaƙi, aka buga kofe 48 na sanarwar 'yanta bayi wadda Lincoln ya yi ran 1 ga Janairu 1863, ya sa hannu a kowanne, aka kai wani bikin tara gudunmawa a birnin Philadelphia ana sayarwa dala 10, domin a taimaki sojojin da suka ji rauni. Ɗaya daga cikinsu, wanda ya taɓa zama a hannun Robert Kennedy, an sayar da shi a 2010 a kan sama da dala miliyan 3.7.

Abubuwa huɗu masu saye suke dubawa. Na farko, wa ya rubuta, kuma da hannunsa ya rubuta duka ko magatakarda ne ya rubuta shi ya sa hannu kawai. Na biyu, me takardar ta ƙunsa. Wasiƙar godiya a kan kyauta ba za ta kama ƙafar wadda ta yi magana a kan yaƙi ko bauta ba. Na uku, lafiyar takardar, watau ko ta yage, ko tawada ta kwaɗe. Na huɗu kuwa, salsalarta: daga hannun wa ta fito, ta shiga hannun wa, har ta iso ga mai sayarwa. Duk wanda ya zauna a gaban malamin hadisi ya san wannan, domin isnadi ke nan. In aka sami giɓi a tsakani, daraja ta faɗi.

Yaƙin basasa da takardun ƙarin girma

Yaƙin basasar Amurka ya ɓarke a 1861 ya ƙare a 1865, tsakanin jihohin Arewa masu son ƙasa ta zauna ɗaya da jihohin Kudu masu bayi waɗanda suka ɓalle. Mutane fiye da 600,000 suka hallaka. Kafin yaƙin, sojan Amurka gaba ɗaya bai wuce kimanin 16,000 ba, amma kafin a gama fiye da mutum miliyan 2 sun sa kakin Arewa. Runduna mai yawan haka tana bukatar hafsoshi dubbai, kowane hafsa kuma sai da takardar naɗi. Hafsoshin rundunonin sa-kai na jihohi gwamnoni ke naɗa su, amma janar-janar da hafsoshin soja na dindindin sai Shugaban Ƙasa ya sa hannu.

Takardar kanta abin kallo ce. A kan fata ake buga ta, wadda aka jeme har ta yi laushi kamar takarda. A sama akwai zanen mikiya, a ƙasa tutoci da bindigogi da ganguna, an bar gurabe inda akawu zai cike suna da muƙami da kwanan wata. Sa'an nan Shugaba ya sa hannu, Sakataren Yaƙi shi ma ya sa, a manna hatimin ma'aikatar. Lincoln ya sa hannu a dubbansu, shi ya sa ta ƙaramin hafsa wanda ba a san shi ba ake samunta a kan dubban daloli kawai, alhali ta wanda ya yi suna sai mai ƙarfi. Andrew Johnson da ya gaje shi ya koma amfani da tambarin sa hannu a kan irin waɗannan takardu, saboda haka masu saye suke bambanta wadda aka sa wa hannu da wadda aka buga wa tambari, farashinsu kuma ba ɗaya ba.

'Yan'uwana ma'aikata da muka san yadda ake shekaru ana jiran ƙarin girma, ku ji yadda yaƙi ke yi. Ulysses Grant ya bar soja a 1854 yana kyaftin, da yaƙi ya tashi kuwa yana tsaron kantin fatu na mahaifinsa a wani gari da ake kira Galena. A 1861 ya zama kanar sa'an nan birgediya, a 1862 ya zama manjo-janar, ran 9 ga Maris 1864 kuma Lincoln ya miƙa masa takardar laftanar-janar hannu da hannu a fadar White House. Sai da Majalisa ta yi doka aka farfaɗo da muƙamin, domin kafin shi Washington kaɗai ya riƙe shi cikakke. George Custer kuwa ya zama birgediya a watan Yuni na 1863 yana da shekara 23, amma da aka gama yaƙi aka sallami rundunonin sa-kai, sai ya koma kyaftin ɗinsa. Akwai kuma muƙamin ban-girma, wanda ake ba hafsa don yabo, ya amsa suna amma yawanci albashinsa bai canja ba, kusan kamar sarautar da ba ta da ƙasa. An raba irinsa da yawa da kwanan watan 13 ga Maris 1865. Saboda haka in aka ce ga takardar Janar wane, mai saye yakan tambaya, wane irin janar?

Wasiƙu uku na Lincoln

Takardar naɗi tana faɗin muƙamin da aka ba mutum, amma wasiƙa ce ke nuna abin da ke zuciyar mai naɗin. Zan kawo uku, dukansu na shekarar 1863.

Ta farko ita ce wadda ya rubuta wa Janar Joseph Hooker ran 26 ga Janairu, lokacin da ya ɗora shi a kan babbar rundunar Arewa, bayan mummunan kayen da aka yi wa Janar Burnside a Fredericksburg. Wasiƙar ƙarin girma ce, amma ba ta tsaya a yabo ba. Lincoln ya yaba jaruntakarsa, sa'an nan ya gaya masa ƙiri-ƙiri cewa ya san irin zagon ƙasan da ya yi wa Burnside, ya kuma ji labarin yana cewa wai soja da gwamnati mai mulkin kama-karya suke bukata. Ya ce masa ya ba shi muƙamin duk da wannan magana, ya tuna masa cewa sai janar ɗin da ya ci yaƙi ke iya kafa irin wannan mulki, don haka ya kawo nasara tukuna, sauran shi Lincoln zai ɗauki kasadarsa. Ya rufe da gargaɗi a kan gaggawa. Iyayenmu da suka ga mulkin soja a ƙasar nan daga 1966 zuwa 1979, da kuma daga ƙarshen 1983 zuwa 1999, ba sai an yi musu sharhi a kan nauyin wannan magana daga bakin farar hula ba. Hooker bai kawo nasarar ba. An ci shi a Chancellorsville a watan Mayu, aka sauke shi a ƙarshen Yuni. Wasiƙar kuwa ya adana ta, ta bi hannuwa har 1941, lokacin da wani mai tara takardu ɗan Chicago, Alfred Whital Stern, ya saye ta a gwanjo a kan dala 15,000, daga baya ya ba da ita kyauta ga ɗakin karatu na Majalisar Amurka.

Ta biyu ya rubuta wa Grant ran 13 ga Yuli, bayan garin Vicksburg ya faɗa hannunsa ran 4 ga watan. A lokacin ba su taɓa haɗuwa ba. Lincoln ya gode masa, ya bayyana cewa shi da farko ya ɗauka hanyar da Grant ya bi kuskure ce, yanzu kuwa yana so ya amsa da bakinsa cewa Grant ne ke da gaskiya, shi ne ya yi kuskure. Mu da muke aiki a ofis, sau nawa muka taɓa ganin babba ya rubuta wa na ƙasa da shi haka a fayil?

Ta uku ya rubuta washegari, ran 14 ga Yuli, zuwa ga Janar George Meade, wanda ya ci yaƙin Gettysburg amma ya bar rundunar Janar Lee ta tsallake kogi ta tsira. Ran Lincoln ya ɓaci ƙwarai, ya zauna ya rubuta masa cewa ya saki wata dama ta zinariya, kuma saboda haka yaƙi zai ja lokaci. Da ya gama sai ya naɗe ta ya sa a ambulan, ya rubuta a bayansa cewa ba a aika ba, ba a kuma sa hannu ba. Tana cikin takardun da ɗansa Robert ya danƙa wa ɗakin karatu na Majalisa, bisa sharaɗin kada a buɗe sai shekara 21 bayan mutuwarsa, aka kuwa buɗe su a 1947. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce. Da wani ya share ɗakin ajiya ya sayar wa mai tsire, da ba mu san cewa mutumin nan yakan yi fushi ya haɗiye ba.

Jabu da 'yan damfara

Duk inda kuɗi ya shiga, macuta ba sa nisa. A shekarun 1930 an yi wani gwanin jabu mai amfani da sunan Joseph Cosey, wanda yakan yanko fararen shafuka daga tsofaffin littattafai ya kwaikwayi rubutun Lincoln a kansu. Ya ƙware har ta kai a yau jabunsa ma akwai masu tara su. Akwai kuma shahararriyar wasiƙar ta'aziyya da aka aika wa wata gwauruwa a Boston, Lydia Bixby, a watan Nuwamba na 1864, bisa labarin cewa 'ya'yanta biyar sun mutu a fagen fama. Bincike ya nuna ba duka biyar ɗin ne suka mutu a yaƙi ba, ba a taɓa ganin asalin wasiƙar ba sai abin da jaridu suka buga, har yau kuma masana suna gardama ko Lincoln ne ya rubuta ko sakatarensa John Hay. Duk da haka mutane da yawa sun ɗauko kofenta daga akwatin kakanninsu suna zaton sun yi arziki.

Ko a ɗakin adana takardun gwamnati ba a tsira ba. A 2011 hukumar adana takardun tarihi ta Amurka ta sanar cewa an taɓa kwanan watan wata takardar afuwa da Lincoln ya yi wa wani soja, an mai da 14 ga Afrilu 1864 ya koma 1865, domin a ce tana cikin abubuwan ƙarshe da ya sa wa hannu a ranar da aka harbe shi. Lamba ɗaya tak aka canja. Shugabannin baya-bayan nan kuma suna amfani da na'urar sa hannu, wadda ke zana sa hannun mutum ba tare da ya ga takardar ba. Shi ya sa masana suke duba irin takardar, da tawadar, da yadda alƙalami ya gudana, su kuma koma ga isnadi.

Namu na gida

Wani zai ce, ina ruwanmu da yaƙin Amurka? To, akwai ɗan ƙasar nan a cikinsa. Muhammad Ali ɗan Sa'id, wanda Turawa suka sani da Nicholas Said, an haife shi a Kukawa ta Barno. An kama shi yana yaro aka ƙetare Sahara da shi a matsayin bawa, ya bi ta Tarabulus da Istanbul da Rasha, ya sami 'yanci, ya isa Amurka. A 1863 ya shiga runduna ta 55 ta jihar Massachusetts, ta baƙaƙen fata, har ya sami igiya uku, watau saje. A littafin tarihin rayuwarsa da ya buga a 1873 bai ambaci aikin sojan ba. Rajistar rundunar ce ta tabbatar da shi, domin wani akawu ya rubuta, wasu kuma sun adana.

Kusa da mu kuma, a Yaƙin Duniya na Biyu dubban mutanenmu sun yi yaƙi a Bama a cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, Hausa kuwa ita ce harshen bariki. Sunayen Barikin Dodan a Legas da Barikin Chindit a Zariya daga can suka samo asali. Kakana yana cikinsu. Ya dawo da igiya biyu da lambobin yabo da ɗan littafin sallama, wanda ke ɗauke da lambarsa da ranar ɗaukarsa da ranar ƙarin girmansa. Bayan rasuwarsa aka bar su a adaka a ɗakin da ke yoyo. Ranar da na je nema, lambobin suna nan, littafin kuwa gara ta gama da shi. A yau ba zan iya gaya wa ɗana ko a wace bataliya kakan nasa ya yi aiki ba, kuma ba Bature ne ya yi mana wannan asara ba, mu muka yi wa kanmu.

Kammalawa

Ranka ya daɗe Shugaban taro, ban kawo wannan bayani don in ce mu je mu fasa akwatunan iyayenmu mu kai gwanjo ba. Kuɗin da ake biya alama ce kawai ta cewa al'umma ta san darajar shaidarta. Ina roƙon abubuwa uku.

Na farko, kowa in ya koma gida ya nemi takardun iyaye da kakanni: takardar ɗaukar aiki, ta ƙarin girma, littafin sallamar soja, wasiƙun ajami, takardun gona da na alƙali. A shimfiɗa su a cikin fayil mai tsabta, a ajiye wuri mai tudu inda ba laima ba rana. Kada a liƙe yaga da salatif, kada kuma a narka musu leda, domin ba ta ɓantaruwa sai da takardar. A ɗauki hotonsu da waya, a rubuta a wata takarda daban ta wane ne, daga hannun wa ta fito.

Na biyu, mu da ke ofisoshi mu daina ɗaukar ɗakin rajista wurin horon wanda aka ƙi. Kafin a share ɗakin ajiya, a tuna akwai ofishin adana takardun tarihi na ƙasa a Kaduna, akwai kuma Gidan Arewa a can, waɗanda aikinsu ke nan.

Na uku, ina ba da shawara wannan ƙungiya ta kafa ɗan kwamiti wanda zai zauna da hukumar makaranta a duba rajistar ɗaukar ɗalibai tun daga ta farko, da littafin baƙi, da hotuna, da tsofaffin fitowar wannan mujalla, a sayi akwatin ƙarfe a adana su. A kuma zauna da iyayenmu malamai tun suna tare da mu, su gaya mana su wane ne a cikin hotunan. In an amince, a rubuta sunana na farko a kwamitin, kuɗin akwatin kuma 'yan ajinmu za mu biya. Ban shawarce su ba, amma na san ba za su ba ni kunya a gaban malamai ba.

Allah ya jiƙan malamanmu da 'yan'uwanmu da suka riga mu gidan gaskiya, ya ƙara wa waɗanda ke raye lafiya, ya ɗaukaka wannan makaranta, ya mai da kowa gidansa lafiya.